Guzuri da Canji: Tarihin Yadda Bahaushe Mazaunin Ƙetare Yake Riƙon Kuɗin Ƙasashe Dabam-dabam

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Da wuya a sami inda wannan makanta ta fi bayyana kamar sha'anin kuɗi, domin mutumin da ya bar ƙasarsu ya zauna a wata, tilas rayuwarsa ta rataya a kan kuɗi iri biyu ko uku: akwai wanda yake samu a inda yake zaune, akwai wanda iyalinsa suke cefane da shi a gida, sa'an nan akwai wanda yake ajiye dukiyarsa a cikinsa saboda gudun ɓacin rana. A wannan zamani bankuna da kamfanoni sun fito da asusu guda wanda ke iya riƙe kuɗin ƙasashe da yawa a lokaci ɗaya, haɗe da katin da za a yi sayayya da shi a kowace ƙasa. Mutane da dama suna ɗaukar al'amarin baƙon abu ne a rayuwar Bahaushe, alhali kuwa fatake da mahajjata sun yi fama da wannan matsala tun kafin a san banki a ƙasar Hausa.

Wannan maƙala za ta bi tarihin al'amarin daga ƙarni na 19 zuwa yau. Abin da za a nuna shi ne, a kowane zamani dukiyar mazaunin ƙetare ta dogara ne a kan amsar tambayoyi uku: a hannun wa take ajiye, wa ke yanke farashin canji, kuma ko mai ita zai iya kai hannu gare ta ranar da al'amura suka rikice.

2.0 Zamanin Wuri da Liyari da Miskali

Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce. Wuri kuwa ƙwanson wata 'yar halitta ce ta teku, wadda ba a samunta a ƙasar Hausa ko kusa da ita. Wanda aka fara ciniki da shi daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya yake fitowa, ya biyo hanyar hamada, daga baya kuma jiragen Turawa suka riƙa sauke shi a bakin teku. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare, ƙirga shi ake yi biyar-biyar a ƙasa, a tara shi zambar-zambar, in ya kai 20,000 a ɗure a buhun kaba wanda ake kira keso.

To, amma wuri ba shi kaɗai ke yawo a hanyoyin fatauci ba. Akwai liyari, watau ƙwandalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Taresa, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta ko bayan rasuwar sarauniyar, nauyinta kuwa kimanin giram 28. Akwai garin zinariya da ake aunawa da miskali, wanda shi ne ma'aunin manyan cinikayya a wajen 'yan kasuwar hamada. A Kumasi ma garin zinariya ne kuɗi, amma da nasu ma'aunai na tagulla suke auna shi. A Barno kuwa sawayen auduga da ake kira gabaga su ne kuɗin kasuwa, ana lissafi da ratal, sai a zamanin Shehu Umar, wajen tsakiyar ƙarnin, aka shigo da wuri, aka yanke wuri 32 a kan ratal ɗaya. Saboda haka falken da ya san Kukawa da Kano da Salaga, ya san aƙalla kuɗi iri huɗu, kowanne da ƙasar da yake da magana.

Babban aibin wuri shi ne nauyi. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano a shekarar 1851. A bisa wannan farashi, keso guda, wanda kayan ƙato ɗaya ne, liyari 8 ke nan, abin da mutum zai ƙulle a bakin zani. Wani Baturen Ingila kuma, Charles Robinson, wanda ya zo Kano a ƙarshen 1894, ya ba da labarin yadda dokinsu ya yi rashin lafiya a hanya suka rasa yadda za su yi da shi, domin in sun sayar sai sun ɗauki 'yan alaro 15 su ɗauki kuɗin, ladan 'yan alaron kuwa zai cinye kuɗin har ya nemi ƙari.

Wannan ya sa ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja don sayen goro, tafiyar da kan ci wata shida har zuwa shekara kafin a dawo, ba ya jibgar wuri. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda su ne jigon wannan fatauci, kaya suke ɗauka: kanwa, da turkuɗi, da riguna, da kayan fata, da dabbobi. A kowane zango sai a sayar da ɗan abin da zai isa abinci da kuɗin fito da gaisuwar sarki, saura kuwa a bar shi a matsayin kaya. Wajibi ne kuma a faɗi cewa bayi suna cikin abin da aka mayar ma'ajin dukiya a wancan zamani, ana biyan manyan basussuka da su. Wannan tabo ne a tarihin fataucin wanda ba ya ɓoyuwa.

Hikimar ƙin tara wuri ta fito fili sa'ad da darajarsa ta soma zubewa. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Hamburg suka fara jigilar wani irin wuri daga Zanzibar, wanda ya fi na Maldib girma da araha, suka malala shi a bakin tekun Afirka ta Yamma. Kafin ƙarnin ya ƙare, yawan wurin da ake ba da wa a karɓi liyari ɗaya a Kano ya kai wajen ninki biyu. Wanda ya binne keso ya yi asara yana barci, wanda ya riƙe azurfa ko tufafi kuwa ya tsira da mafi yawan abinsa.

3.0 Maigida da Dillali

In ana neman abin da ya tsaya wa falke a matsayin asusu, to, maigida ne. A kowane zango na Hausawa, daga Salaga har Badun, akwai mazaunin garin da ke saukar da fatake a gidansa, ya ba su masauki da abinci, ya adana kayansu, ya sa dillalansa su nemo masu saye, ya yi tafinta, sa'an nan a ba shi la'ada. Sai da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san farashin yau, shi ya san kuɗin da ake karɓa da wanda ake ƙi, shi ya san wanda za a ba bashi a yi barci.

Masu bincike sun yi bayanin wannan tsari filla-filla. Polly Hill ta yi nazarinsa a kasuwar shanu ta Kumasi, Abner Cohen kuma a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960. Abin da suka gani shi ne, shanun da aka kawo daga arewa bashi ake ba mahauta, maigida ne ke tsayawa lamuni. In mahauci ya ƙi biya, shi zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba fatake su ƙaurace wa gidansa. Haka nan falke yakan bar kuɗinsa a hannun maigida, ko ya ce a saya masa goro da su a aika arewa. Ta haka dukiya ke tafiya daga wannan ƙasa zuwa waccan ba tare da tsabar kuɗi ta taka hanya ba.

Tsarin bai tsaya a kan al'ada kaɗai ba, yana da gindi a fiƙihun Malikiyya wanda malaman zango ke karantarwa daga Risala da Muhtasar. Shari'a ta sharɗanta canjin zinariya da azurfa ya kasance hannu da hannu, ba jinkiri. Ta bambanta ajiya da bashi: abin da aka ba mutum ajiya, in ya salwanta ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa, amma in ya taɓa ya juya, ya zama bashi a wuyansa. Ta halatta hawala, watau mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani. Akwai kuma suftaja, takardar da mutum zai karɓa bayan ya ba da kuɗi a wani gari don a biya shi a wani garin. Malaman Malikiyya sun hana ta, saboda rance ne da ya jawo wa mai bayarwa amfani, amma suka yi rangwame idan tsoron hanya ya game ko'ina. Wannan rangwame ya nuna cewa malamai sun san halin da matafiyi yake ciki.

Sai dai amanar maigida tana da iyaka, domin shi ma a ƙarƙashin ikon wani yake. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, hanyar goro ta soma kauce wa Salaga, sa'an nan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Mazauna zangon suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kintampo da Kumasi da Akara, cikinsu har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, wanda ya ƙarasa rayuwarsa a Kete-Karachi a 1934. Duk wanda ajiyarsa da basussukansa suke a Salaga kaɗai, ranar da garin ya watse shi ma ya watse.

4.0 Kuɗin Turawa da Kan Iyaka

Zuwan Turawa ya kawo abu biyu tare: kuɗin gwamnati da kan iyaka. A 1904 aka hana shigo da wuri Nijeriya ta Arewa, aka kuma matsa a biya haraji da kuɗin ƙarfe. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, wadda ta buga kuɗi iri ɗaya don Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, darajarsa daidai da fam na Ingila. A arewacin iyaka kuwa, Maraɗi da Damagaram da Tawa suka faɗa hannun Faransa da kuɗinta, wanda aka mayar sefa a Disamba 1945. Hausawan Kete-Karachi da na Kamaru kuma sun taɓa kuɗin Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamusawa daga wuraren.

Harshen Hausa ya adana tarihin wannan cakuɗa. Anini shi ne kashi ɗaya cikin goma na kwabo. Rabin kwabo an kira shi ɗari, sunan da ya samo asali daga lissafin wuri. Sai taro, da sisi, da nai, da sule, da fam. Sule biyu ana ce masa fataka ko dala, amma a Nijar dala tana nufin tamma biyar, kuma har yau da ita ake ƙirga sefa a kasuwa. Jaka a Nijeriya fam 100 ce, wadda ta koma naira 200, a Nijar kuwa jika dala 200 ce, watau sefa 1,000. Ke nan kalma ɗaya tana da daraja biyu, gwargwadon gefen iyakar da mai magana yake tsaye, kuma ɗan kasuwar Jibiya ko Maigatari dole ya riƙe lissafin biyu a kansa.

Ga wanda ke zaune a ƙasashen Ingilishi, wannan zamani ya zo da sauƙin da ba a taɓa gani ba. Bahaushen Kumasi zai aika da kuɗi Kano ta gidan waya, a karɓa sule a kan sule, ba canji, ba ragi. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Gwalkwas da Ikko kafin ya koma cinikin gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, ya ci moriyar wannan haɗin. Labarin da ya shahara a kansa, cewa a 1929 ya kai wa bankin Turawa ajiyar azurfa kayan raƙumi 20 bisa sharaɗin ba ya son kuɗin ruwa, yana nuna lokacin da amana ta soma tashi daga ɗakin maigida tana komawa banki.

5.0 Hanyar Gabas

Babu wanda ya sha canji kamar mahajjacin ƙasa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'a masu yawa suka yi hijira gabas, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Daga nan hanyar ta ƙara cika: daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy wadda ake kira Njamena a yau, zuwa Abeshe, zuwa Janaina da Fashir da Ubayyid, zuwa Hartum, sa'an nan Sawakin, a haye teku zuwa Jidda. Mai wannan tafiya zai bar gida da sulallan Ingilishi, ya shiga ƙasar faran na Faransa a Cadi, ya tarar da fam da ƙirshin Masar a Sudan, waɗanda su ne kuɗin ƙasar har zuwa 1957, sa'an nan a Hijaz ya sami riyal na azurfa da fam na zinariya da kuɗin kowace ƙasa ta Musulmi a gaban masu canji.

Talaka ba shi da guzurin da zai ishe shi wannan tafiya, saboda haka ƙarfinsa ne guzurinsa. Yakan tsaya ya yi noma ko dako ko ga-ruwa, musamman a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Tafiyar takan ci shekaru, wasu ma suka zauna ke nan, zuriyarsu ce ake kira Takari ko Fallata. Abin da aka tara kuwa akan mayar da shi dabba ko zinariya ko kayan ado na mata, domin su ne ke tsallake iyaka da darajarsu, shugaban zango kuma ya tsaya a matsayin maigida, mai karɓar ajiya da isar da saƙo.

Hukumomin Saudiyya ma sun ga wahalar. A 1952 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasar, a 1953 kuma ta fito da takardar da aka kira rasidin alhazai, mai darajar riyal 10, da rubutu cikin harsuna da yawa, don mahajjaci ya ba da kuɗin ƙasarsu ya karɓi takarda maimakon jakar azurfa. Jama'ar gari suka karɓe ta suka ci gaba da ciniki da ita bayan aikin hajji, har ta share fagen takardun kuɗi na sosai da aka fitar a 1961. A Kano kuma, kamfanin jigilar alhazai da wasu attajirai suka kafa a 1948, wanda ake taƙaita sunansa da WAPA, shi ya bar wa wata unguwa a Fagge sunan Wapa, inda ta zama matattarar 'yan canji.

6.0 Bayan Mulkin Kai

Samun mulkin kai ya wargaza kuɗin bai-ɗaya na ƙasashen Ingilishi. Gana ta fitar da nata fam a 1958, ta koma sidi a 1965, sunan da ke nufin wuri a harshen Akan. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, naira kuma ta fito ran 1 ga Janairu 1973, naira 2 a kan fam ɗaya. Kowace gwamnati ta kafa dokar hana fita da kuɗi, kamar ta Nijeriya ta 1962, ta yanke farashin canji da kanta, ta ƙayyade kuɗin guzurin da matafiyi zai saya. Da farashin gwamnati ya yi nisa da na kasuwa, sai kasuwar bayan fage ta bunƙasa, ɗan canji ya gaji aikin dillalin zango.

A wannan zamani ne mazauna ƙetare suka ga yadda sanarwa ɗaya ke cinye wahalar shekaru. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fita, mutane suka karyar da gidaje da shaguna, abin da suka samu kuma doka ba ta bari a fita da shi ba sai kaɗan. A Janairu 1983 Nijeriya ta yi wa nata baƙin irin wannan kora. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canja launin takardun naira, ta ba da kwanaki ƙalilan a yi musanya, ta rufe kan iyaka. Nairar da ke hannun 'yan kasuwa a Maraɗi da Kwanni da sauran garuruwan ƙetare ta zama takarda, iyakar kuwa ba a buɗe ta ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Tsananin dokar canji a lokacin ya kai an ɗaure mawaƙin nan Fela Kuti a 1984 bisa tuhumar yunƙurin fita da kuɗin Ingila.

Masu riƙe da sefa sun daɗe suna ganin sun tsira, tun da an ɗaure ta da kuɗin Faransa. Amma a Agusta 1993 aka daina fansar takardunta da aka fitar waje da yankin, a Janairu 1994 kuma aka karya darajarta da rabi a dare ɗaya, daga sefa 50 a kan faran ɗaya zuwa 100. Daɗin daɗawa, sefa iri biyu ce: ta Nijar daban, ta Cadi da Kamaru daban, darajarsu ɗaya a takarda, amma mai son musanya su sai ya ba ɗan canji rabonsa.

Daga ƙarshe gwamnati ta sassauto. Dokar soja ta 1985 ta ba ɗan Nijeriya damar buɗe asusun kuɗin waje a bankin gida, ya ajiye dala ko fam yadda suke. A Satumba 1986 aka buɗe kasuwar canji ta biyu, a 1989 aka fara ba 'yan canji lasisi, a 1995 kuma aka soke tsohuwar dokar 1962.

7.0 Asusu da Kati

Ta ɓangaren Turai da Amurka, neman sauƙin guzuri ya bi tasa hanya. Kamfanin American Express ya fito da cekin matafiya a 1891, katin Diners Club ya bayyana a 1950, katin da ya zama Visa kuma ya faro a 1958. Asusun kuɗi iri-iri na wayar hannu kuwa ɗan baya-bayan nan ne. Wasu 'yan ƙasar Estoniya biyu mazauna Landan, Taavet Hinrikus da Kristo Käärmann, suka lura cewa ɗayansu ana biyansa da yuro alhali fam yake buƙata, ɗayan kuma ana biyansa da fam alhali yana da bashin gida na yuro a ƙasarsu. Sai kowa ya riƙa zuba wa ɗan'uwansa a asusunsa, suka huta da ragin banki. Daga nan suka kafa TransferWise a 2011, wanda ya koma Wise a 2021. Kamfanin Revolut ya biyo baya a 2015.

Yadda abin ke aiki shi ne, kamfani yana da tarin kuɗi a ƙasashe da yawa. In mutum ya ba da fam a Landan don a biya yuro a Faransa, fam ɗin ba ta tashi daga Landan, daga tarin da ke can ake biya, sa'an nan kamfani ya daidaita lissafinsa. Duk wanda ya san hawala da suftaja ya san wannan dabara. A cikin asusun kuma akwai aljihu-aljihu, na dala daban, na fam daban, na yuro daban. In an miƙa kati a kanti, sai a cire daga aljihun kuɗin ƙasar, in babu a canja daga wani. Game da sharaɗin hannu da hannu, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa shigar da kuɗi cikin lissafin asusun mutum yana tsayawa a matsayin karɓa.

Nauyin da ya dami Robinson ya kau, amma tambayoyin nan uku suna nan. Ta fuskar farashi, la'adar zamani takan ɓuya ne a cikin ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, ta yadda mai cewa ba ya karɓar lada zai iya fin mai karɓa tsada. Haka nan in na'urar kanti ta tambayi baƙo ko a cire da kuɗin ƙasarsu ko da na ƙasar da yake, zaɓen na ƙasarsu ya ba mai na'urar ikon yanke farashi, kuma galibi shi ya fi tsada. Ta fuskar ajiya, da yawa daga waɗannan kamfanoni lasisinsu ba na banki ba ne, saboda haka inshorar da gwamnati ke yi wa masu ajiya a banki ba lalle ta shafi abokan hulɗarsu ba. Ta fuskar kai hannu kuwa, kamfani na iya riƙe asusu don bincike, kuma ana ba da kati ne bisa ga ƙasar da mutum yake zaune da takardunsa, abin da ya sa ɗalibi a Ingila ya sami abin da ɗan zangon Kumasi ko Umdurman bai samu ba.

Ikon gwamnati ma bai ragu ba. A 2022, saboda ƙarancin dala, bankunan Nijeriya da dama suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar da shi ɗungurungum, sai a tsakiyar 2025 aka soma dawo da shi. Canjin fasalin naira da aka sanar a Oktoba 2022 ya tuna wa garuruwan kan iyaka abin da ya faru a 1984. A Yuni 2023 kuma aka saki farashin canji, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a Fabrairu 2024. Iyayen da suka tara kuɗin makarantar 'ya'yansu na ƙetare da naira suka wayi gari abin da suka tanada bai kai sulusin buƙata ba, daidai da mai binne keso a ƙarni na 19.

8.0 Kammalawa

An ga yadda guzurin mazaunin ƙetare ya tashi daga keso zuwa liyari, daga liyari zuwa takarda, daga takarda zuwa kati da lambar sirri. A kowane mataki nauyi yana raguwa, amma nisan da ke tsakanin mai dukiya da mai riƙe masa ita yana ƙaruwa. Falke ya san maigidansa, ya san gidansa da masallacin da yake salla, in kuwa ya ci amana akwai malamai da dattawan zango da za a kai wa ƙara, akwai kuma kunya. Mai kati bai san kowa ba sai manhaja, abin da ke kare shi dokar wata ƙasa ce wadda sau da yawa bai taɓa karanta ta ba.

Asarar da tarihin nan ya nuna, daga Salaga a 1892 zuwa Gana a 1969, daga nairar 1984 zuwa sefar 1994 da nairar 2023, ba ɓarayin hanya suka jawo ta ba. Ta zo ne daga riƙe dukiya cikin kuɗi iri ɗaya, a wuri ɗaya, ƙarƙashin ikon hukuma ɗaya. Fataken Gwanja sun san haka, shi ya sa suke raba dukiyarsu tsakanin kaya da azurfa da bashin da ke hannun amintattu a garuruwa dabam-dabam, suna canja gwargwadon buƙatar zango kawai. Akwai sauran aiki a gaban manazarta harshe da tarihi, musamman tattara kalmomin 'yan canji na Wapa da Maraɗi da Jidda, da wasiƙun ajami na fatake da ke hannun zuriyarsu, tun kafin dattawan da suka ƙirga anini da hannunsu su ƙare.